Yadda Za Ka Mayar da Kumbon Matarka Inda Ta Bar Shi Kafin Ta Dawo Daga Garwa

Idan matarka ta yi tafiya, ka taɓa kwamfutarta, ka goge mata wasan da ta ɓata watanni tana bugawa, to zauna ka sha ruwa. Maganinka ya zo har gida. Matakan nan tabbatattu ne, ba a taɓa bin su daki-daki an ji kunya ba, ko da yake har yau ba a samu wanda ya bi su daki-daki ba. A kan benci na tattara su, a ƙofar butik, wato shagon maƙwabcina Alhaji Zakiru mai atamfa, a unguwar Nkembo nan Gabon, inda na zauna ina saurare tun daga farkon lamarin har ƙarshensa. Ni ban taɓa buga wasan ba, shi ya sa kaina bai ruɗe ba.

Ga yadda abin yake, don kada ka shiga a makance. Wasan na sararin samaniya ne. Sunansa da Faransanci dogo ne, a gidan Alhaji kowa Odil yake ce masa, sunan makanikiyar da ke ciki. Kumbonsu ya lalace a tsakiyar taurari, ita za ta gyara. Babu harbi, babu gudu. Kai dai ka ja ɓeran kwamfuta, ka nuna abu, ka danna, ita kuma ta je ta duba, ko ta ɗauka, ko ta yi magana. Hajiya Hawaou, matar Alhaji, da autarta Muna suka buga shi tare har suka isa ƙofar ƙarshe. Sai Muna ta tafi karatu Dakar, suka yi alkawarin babu mai buɗe ƙofar sai ta zo hutu. Hutu ya matso. Hajiya ta tafi Garwa suna. Alhaji, wanda duk lokacin da ya wuce su sai ya ce "wasan yara", ya samu gida babu kowa.

Mataki na 1: San irin ɓarnar da ka yi

Kada ka ce ba ka san yadda aka yi ba. Ka sani.

Alhaji ya danna sabon wasa don ya ga me yake hana a zuba masa abinci a kan lokaci. Ya zaga kaɗan, zai fita, sai kwamfuta ta tambaye shi: "Écraser ?" Ga "Oui", ga "Non", wato i ko a'a.

To Faransancin Alhaji na kasuwa ne, kamar nawa da naka. A garin nan ekiraze markaɗe ne. Shekara da shekaru Hajiya tana miƙa masa roba in zai fita, tana cewa, "Alhaji, ka biya wajen mai inji a ekiraze mini gyaɗar nan," kuma bai taɓa cewa a'a ba. Hannunsa ya saba. Ya danna "Oui". Ashe a bakin kwamfuta, ekiraze na nufin a danne tsohon ajiya a ɗora sabo a kai. Aka markaɗe watannin Hajiya da Muna, ko tsaki bai rage ba.

Nan ne aibin wasan na farko, kuma ka riƙe shi da kyau don zai yi maka amfani ranar shari'a: ma'ajinsa ɗaya ne tak, kamar tabarmar gwauro. In baƙo ya kwanta, mai gida ya tashi. Wanda ya ƙera shi bai taɓa zama gida ɗaya da mace ba, ko kuwa ya zauna bai ɗauki darasi ba.

Mataki na 2: Kada ka saurari Momo

Kowane kartiye, wato unguwa, da Momonsa. Namu mai gyaran waya ne, shagonsa yana kallon na Alhaji, kuma bai taɓa jin matsala ya rasa ƙaryar da za ta dace da ita ba.

"Alhaji, ka ce wuta aka ɗauke," in ji Momo. "Wa zai musa a garin nan?"

"Kwamfutar tana da batir."

"To ka ce ɓarayi."

"Ɓarawon da zai haura katanga, ya bar talabijin, ya bar gwalagwalan Hajiya, ya goge wasa ya fita?"

"Akwai ɓarayi masu ilimi yanzu."

"Momo, koma shagonka."

"Ni dai na faɗa maka. In ta kore ka, ina da katifa a bayan kanta, ɗan sama jannati."

Hanya ɗaya ce: ka sake buga wasan daga farko, da hannunka, har ka tsayar da Odil a gaban ƙofar ƙarshe kamar ba a taɓa komai ba. Wanda ya zubar da man mutane shi ke tsugunawa ya kwashe.

Mataki na 3: Kai kwamfutar butik, ka yi kamar aiki kake

Ajiye ta a ƙarƙashin kanta, ka jera atamfa ta gefe biyu. Ɗaure fuska. Duk wanda ya leƙo ka ce kana bin sawun kayanka da suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Babu ɗan kasuwar da zai so jin ƙarin bayani a kan wannan, kowa da nasa ciwon.

A nan za ka ga alherin wasan na farko. Ba ya gaggawa, kuma ba a mutuwa a cikinsa. Ka danna daidai, ka danna kuskure, Odil tana nan da ranta. An kira azahar? Tafi. Za ka dawo ka tarar da ita inda ka bar ta, tana sosa ƙeya. Mai ciniki ta shigo ta sa ka sauke rabin shago ta fita ba ta sayi ko ɗankwali ba? Odil tana jira. Wasa ne da aka yi wa mai furfura, wanda yatsunsa suka daina tsere da na yara amma kansa bai daina aiki ba.

Sai dai ka kula da bakinka. Wata 'yar Gabon ta tambayi Alhaji ko atamfar nan tana zuba, ya ce mata, idonsa a ƙasa, "Sai an samo fis ɗin injin iska tukuna." Ta ajiye atamfar a hankali, ta fita da baya.

Mataki na 4: Ajiye tarbiyyarka a bakin ƙofa tare da takalmi

Wannan ne mataki mai wuya, kuma nan Alhaji ya fi ɓata lokaci.

Ya isa ƙofar ɗakin kyaftin ɗin kumbon, ya tsaya. Ya nemi inda ake danna sallama, babu. Da bakinsa ya yi ta, ya jira, ya sake, ba a amsa ba, ya juya da Odil ya koma. Yini guda yana zagaye a farfajiya yana jiran a ba shi izini.

Na ce, "Alhaji, ko dai turawa ake yi kawai?"

"Ɗakin kwanan mutum?"

Turawa ake yi. Kyaftin yana ciki, tsoho mai sanƙo, yana ƙorafin sanyi, bai ko damu ba.

Haka maganarsu. In ka danna mutum, sai a jero maka jimloli ka zaɓa, kuma babu gaisuwa ko ɗaya a ciki. Babu ina kwana, babu ya iyali, babu ya muka ji da lalacewar kumbo. Daga haɗuwa sai "Ina makullin?" kamar 'yan sanda. Alhaji ya yanke shawarar ya riƙa zaɓen jimla mafi tsawo, wai ita ce za ta fi ladabi. Da ya sa tabarau ya karanta wadda ya aika wa kyaftin, ashe ce masa ya yi kansa ya fi tagar kumbon sheƙi.

Sai babbar magana: ɗaukar kaya. Dokar irin wannan wasa ita ce duk abin da ba a kafe da ƙusa ba, ka jefa a buhu. Cokalin mai girki, hular kyaftin, safar wani, igiya, gwangwani, hoton matar wani. Ba aro ba, ba saye ba. Odil tana cusa tsani a aljihun wandonta tana murmushi.

"Malam," Alhaji ya ce mini, "yarinyar nan fa ɓarauniya ce."

"Hajiya ta buga da ita har ƙarshe."

Ya dubi Odil a allon. Sannan ya ce, "Shi ya sa ba na ganin canjin cefane."

Rufe ido ka ɗauka. In zuciyarka ta dame ka, ka ce mata aro ne.

Mataki na 5: Daina neman hankali a inda ba a ajiye shi ba

Kai ɗan kasuwa ne, ka saba in ƙofa ta ƙi buɗewa a nemo makulli, in babu a kira kafinta. A cikin kumbon nan ba haka ake ba. Don Alhaji ya wuce wani kare na ƙarfe da ke gadin ɗakin inji, sai da ya cusa cuku a cikin safa, ya ɗaure da igiya, ya rataya a fankar rufi, karen ya yi ta bin ta da ido har wuyansa ya kwance. Babu mai hankalin da zai yi tunanin wannan. Alhaji ya gano shi ne bayan ya gwada komai a kan komai, har ya miƙa wa karen hoton matar mutane.

Duk gwajin da bai yi ba, Odil za ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Sa na marsh pa," wato ba ya yi. Za ka ji kalmar nan har ta bi ka masallaci.

Akwai kuma wani noti da ake nema, ƙanƙanta kamar ƙwan ƙwarƙwata, launinsa launin daɓe, an ajiye shi a kan daɓe. Dabarar ita ce ka riƙa jan ɓeran a hankali daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har rubutu ya fito. Momo ya ce wannan ba wasa ba ne, gwajin ido ne na asibiti.

Ga tafiyar Odil. Kumbo yana cin wuta, ƙararrawa tana ihu, ita tana takawa kamar wadda aka sa wa lalle a ƙafa. In ka manta abu ɗaya a ɗakin girki, sai ka raka ta tun daga wutsiyar kumbon har goshinsa. Mutumin da ya taɓa jiran taksi a Nkembo ana ruwan sama ne kaɗai zai iya jurewa, shi ya sa nake da kyakkyawan zato a kanka.

Mataki na 6: Yi hattara, zai shiga ranka

Babu wanda ya gargaɗi Alhaji a kan wannan, ni ina gargaɗinka.

Akwai wani ɗaki a saman kumbon, rufinsa duk gilashi. Da Odil ta shiga, kiɗan ya yi ƙasa, wata duniya mai zobe ta taso a hankali ta cika allon, ruwan ƙasa-ƙasa da ja, taurari a bayanta kamar an watsa gero. Babu abin ɗauka a ɗakin, babu abin warwarewa. An gina shi ne don a tsaya a kalla kawai. Alhaji ya saki ɓeran. Na ji yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Shayinsa ya huce, Momo ya shanye, bai lura ba.

Sai Gaston, mutum-mutumin ƙarfe mai girki. Yawancin ma'aikatan kumbon sun gudu a ƙaramin jirgi tun farkon labari, amma Gaston kullum sai ya jera musu faranti, ya zuba miya, ya jira, ya kwashe. In ka yi masa magana sai ya tambaye ka ko ka ga sun dawo. Masu wasan sun iya rubuta mutane, wannan kam ba a ƙwace musu ba. Dariya suke ba ka, kafin ka rufe baki sun soka maka wani abu a ƙirji.

Daga ranar Alhaji ya fara zancen Gaston kamar maƙwabci. "Bawan Allah nan yana da haƙuri," yake ce mini. Ya daina danna wucewa in Gaston yana dogon labarinsa na miya. Wannan kuskure ne. Kai ka zo gyara laifi ne, ba neman abokai ba.

Mataki na 7: Tambayi 'yarka ba tare da ka tambaye ta ba

Za ka maƙale. Kowa yana maƙalewa a wajen famfunan ruwa, inda ake murɗa wannan wancan ya rufe. Momo zai nuna maka bidiyon wani Bafaranshe a waya, wanda zai yi ta ba ka labarin kyanwarsa, in ya zo wajen famfunan kuma ya wuce kamar walƙiya. Bar shi. Kira mai ilimin abin. Amma ka yi dabara, kada ka yi irin ta Alhaji.

"Auta, ya karatu? Ya Dakar ɗin?"

"Lafiya lau, Papa. Jiya ma ka kira ni."

"Uba ba ya kiran 'yarsa? Af, wani abokina ne yake tambaya, wai a wasan nan naku, famfunan nan..."

"Wane abokinka ne yake buga Odil?"

"Ba ki san shi ba. Ɗan unguwar Alibandeng ne."

"Sunansa?"

"Ke 'yar sanda ce? Dattijo ne, yana jin kunya."

"To ka ce wa dattijon ya fara da jan famfon, ya bar shuɗin sai ƙarshe. Papa?"

"Na'am."

"Kwamfutar Mama tana nan lafiya ko?"

"Layin ba kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ka lura da darasin: albarka tana rufe kowace magana. Babu ɗan da zai ce a dakata da ita ya gama tambaya.

Mataki na 8: Ka isa ƙofar, ka cire hannunka

In Allah ya kai ka, za ka ga ƙofa babba mai zagaye, da ɗan rami a gefenta. Tsaya nan. Kada ka buɗe, ba taka ba ce. Ajiye wasan, rufe kwamfutar, goge yatsunka daga jikinta, mayar da ita kan durowa, ka shimfiɗa mata ɗan kyallen da ka tarar, gefen fure yana sama.

Kuma kada ka ƙara komai. Alhaji ya isa ƙofar da sauran yini a hannunsa, kuma lokaci a hannun mutumin kirki masifa ne. Ya ce mini akwai 'yan abubuwan da yake so ya daidaita kafin ya rufe. Ban tambaye shi ba. Ni mai sauraro ne.

Mataki na 9: Ranar dawowa, ka zama kujera

Zauna a baya. Riƙe carbi. Kada ka kalli allon, in ka kalla kada ka gane komai.

Hajiya ta dawo da kilishi da gajiyar hanya, Muna ta sauka bayanta. Na shiga yi musu sannu da zuwa bayan la'asar, na tarar uwa da 'ya sun haɗa kai a gaban kwamfuta, Alhaji yana can kujerar baya yana jan carbi da ƙarfi kamar mai tuƙa igiya. Allon ya buɗe. Ga Odil a gaban ƙofa, tana sosa ƙeya. Alhaji ya saki numfashi.

"Mama, cokalin Gaston za mu sa a ramin nan," in ji Muna. "Tun a Dakar nake tunaninsa."

Ta danna buhun. Babu cokali. Babu igiya, babu gwangwani, babu komai, sai ƙura.

"Ikon Allah," Hajiya ta ce. "Buhun nan cike na bar shi. Har hular kyaftin tana ciki."

Daga kujerar baya murya ta fito, ba a gayyace ta ba.

"Hular ai ba taki ba ce. Tsohon yana ta jin sanyi tun farkon wasa."

Ashe abin da ya tsaya daidaitawa ke nan: ya bi kumbon ɗaki-ɗaki da tafiyar Odil, ya mayar wa kowa kayansa.

Muna ce ta fara dariya. Ta zame daga kujera ta kwanta a ƙasa tana riƙe ciki. "Dattijon Alibandeng! Wayyo Papa!"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Alhaji, namu ka goge?"

"Kuskure ne, Hajiya. Amma na sake shi duka. Da hannuna."

"Har karen?"

"Har karen."

"Har famfunan?"

"Da taimakon Allah."

Ta dube shi ta daɗe, irin kallon da take yi wa atamfa in tana shakkar ta gaske ce. Sannan ta miƙe, ta nuna masa kujerarta, tsakaninta da Muna.

"Zauna. Tunda kai ka mayar, kai za ka je ka sato su. Ɗaya bayan ɗaya. Auta, ba shi ɓeran."

"Hajiya, Gaston fa zai gan ni. Jiya-jiya ya yi mini godiya."

"Ya gan ka. Fara da cokalin."

Na tashi na yi musu sai an jima, babu wanda ya amsa. Ina sa takalmi na ji Gaston yana murna da baƙo ya zo cin miya, na ji Hajiya ta ce "Ɗauka," na ji Alhaji yana neman gafara, na ji ƙarar dannawa. Washegari butik bai buɗe ba sai azahar.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In ka bi matakan ka tsira, dabararka ce. In an kama ka, halinka ne ya kama ka, ka je ka yi ƙara wajen waɗanda suka yi maka tarbiyya. Ba na karɓar koke, ba na zuwa biko, ba na ba da shaida, katifar Momo kuma ban san tsabtarta ba. Abin da ke bayan ƙofar ƙarshe ban gani ba, su ukun sun ƙi faɗa. Idan kuma Hajiya Hawaou ce take karanta wannan, tana son sanin tun yaushe na san zancen ban faɗa mata ba, to wani Zakirun ake nufi, ba na Nkembo ba.